Uberlinda Ta Rufe Sama da Kashin Awaki

Duk wanda ya ce maka Uberlinda Pastén mai yafiya ce, to bai taɓa zama kusa da ita ba. Ni na zauna. Gidanmu da nasu a Las Tencas katangar dutse ce kawai ta raba, a nan arewacin Chile inda ruwan sama kan shekara bai leƙo mu ba. Tun muna 'yan mata na san in ka taka ta yau ba za ta ce maka uffan ba. Za ta gaishe ka, ta zuba maka shayi, har ta tambayi lafiyar tsohuwarka. Sai ka manta, ka saki jiki, sannan ka ji a jikinka.

Kiwon awaki ta gada. Da zafi ya shigo takan kora su can tsaunukan kan iyaka inda ciyawa take, ta dawo da sanyi, alfadarai na nishi da cuku. Mijinta ya tafi haƙar tagulla a arewa, ya samu wata ya zauna. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Wani bunsuru mai wari ta sa wa sunansa, ta dandaƙe shi da hannunta, ranar bikin coci ta yanka shi ta raba wa dangin mijin farfesu, suna ci suna santi. Abu ɗaya mutumin ya bar mata mai amfani, ɗanta Nibaldo. Ni na riƙe shi ranar da aka yi masa baftisma, don haka ni ma uwarsa ce, kuma kada wanda ya zata zan ba da labarin nan ba tare da ɗaukar ɓangare ba.

Garken awakinta na lokacin sanyi yana kafaɗar dutsen da mutanen sama, masu nazarin taurari, suka gina fararen ƙubbobinsu a kai. Kakanta ne ya jera duwatsun garken tun ba a san da masu hangen taurari ba, kuma shingen wayarsu ta samansa kaɗan ya bi. Kashin awakin da ya taru a ciki tun zamanin kakan ya kai ƙugun mutum, ya daskare kamar bulo. Kowace shekara takan sara kaɗan ta sayar wa masu gonakin inabi su yi taki.

Ni kuwa a saman nake aiki, a ɗakin girki. Ina dafa musu na yamma, in naɗe musu abin da za su ci a bakin na'ura, da safe kuma in yi tafiya da sanɗa saboda manya na barci. Doka ɗaya ce a dutsen nan ta fi ta coci ƙarfi: rana na faɗuwa, babu haske. Labule mai kauri a kowace taga. Mota kuwa daga ƙofar shiga zuwa sama ba a kunna mata manyan fitilu, sai 'yan ƙananan nan da ba sa nuna maka ko kare. Wai haske kaɗan na ɓata musu hoton sama.

Wata yamma akuya ta maƙale a gangare ta haihu, Nibaldo ya koma nemanta. Lokacin saurayi ne cikakke, har an fara maganar aurensa. Duhu ya riske shi, ya saɓo ɗan akuyar a wuya ya biyo gefen kwalta. Dakta Valdebenito, wani masani daga Santiago, yana gangarowa a mota, fitilu a kashe yadda doka ta ce, da gudu yadda doka ba ta ce ba. Ɗan akuyar ya rayu. Nibaldo bai kai asibiti ba.

Alƙali a Ovalle ya ce hanyar ta masu ƙubba ce, akwai allon da ya hana tafiyar ƙafa, ba laifin kowa. Dakta bai zo zaman makoki ba, furanni ya aiko. Uberlinda ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta zuba wa awaki.

Ta yi abin da kowace uwa za ta yi a ƙasarmu. Wanda ya mutu farat ɗaya a hanya, ransa na tsayawa a inda jininsa ya zuba, ba ya gane hanya sai an haska masa. Sai a gina masa ɗan ɗaki da bai wuce gwiwa ba, animita muke ce masa, a sa gicciye da hoto, a riƙa kunna kyandir. Mu biyu muka kwaɓa simintin. Ta shafa masa shuɗin fenti, ta kunna kyandir uku.

Ba a yi mako ba Don Custodio, mai kula da harkokin dutsen, ya sauko da hularsa a hannu.

“Doña Uberlinda, ki yi haƙuri, ni ɗan aike ne. Wutar nan ba za ta yiwu a nan ba.”

“Kyandir ne fa, Custodio. Kyandir uku.”

“Na sani. Amma in aka bar miki, gobe kowa ma ya kunna tasa. Doka ce.”

“Dokar da ta kashe shi?”

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin hular. “An ce a mayar miki da shi ƙasa da ƙofa. Can ki kunna ko ɗari ne.”

“Can ya mutu?”

“A'a.”

“To wa zan haska wa a can, ubanka?”

Washegari suka zo da motar ɗaukar kaya suka cicciɓi ɗakin, suka dire shi a bakin ƙofa, tafiyar da ta fi awa daga inda yaron ya faɗi. Ni na ɗauka ranar za ta tara musu jama'a. Ko tari ba ta yi ba. Da na je mata da yamma tana tatsa, ba ta ɗago ba ta ce, “Fresia, sun bar min ɗa a duhu.” Daga wannan shekarar ta daina sayar da taki. Masu inabi suka yi ta sintiri, tana ce musu ajiya take yi.

Dakta bai daina zuwa ba. Yakan zo sau biyu ko uku a shekara, kullum lokacin da wata ya mutu, ya yi 'yan kwanaki ya koma. Ya rame, ya daina tuƙi, direba ke kawo shi. In na ajiye masa abinci ba ya iya kallon idona. Bai ba ni tausayi ba, kuma ban ga dalilin da zai ba ni ba. Duk saukowar da zan yi hutu, tambayar Uberlinda ɗaya ce.

“Mutumin naki ya zo?”

“Ya zo.”

“Yana cin abinci?”

“Yana taɓawa.”

“Ki ciyar da shi da kyau, ƙawata. Kada ya mutu min.”

Na taɓa ce mata ta bari in zuba masa abin da zai kwana yana zarya a bayan gida. Ta harare ni. “Ke dai ba ki da buri. Ciwon ciki kwana nawa ne? Ni ba na son in taɓa shi a inda zai warke. Ki dai buɗe kunne ki ji min abin da ya fi so a duniya.”

Na buɗe kunne, kuma wanda ke raba abinci ba abin da ba ya ji. Akwai wasu taurari, in ajalinsu ya zo sai su fashe, su yi haske fiye da dukan garken taurarin da suke ciki, na 'yan makonni, sannan su dushe har abada. Irin da Dakta ke farauta duk ƙarfin haskensu kusan ɗaya ne, kamar ƙwan lantarki na kamfani ɗaya, don haka in ka ga yadda ya dusashe ka san nisansa. Da su ake auna ko sararin sama, da ke ta buɗewa tun farkon halitta, ya fara gajiya ko kuwa ƙara gudu yake. Dakta na cikin masu zargin ƙara gudu yake, wai wani ƙarfi da ba a gani ke tura komai nesa da komai. Ƙarfin duhu suka riƙa ce masa daga baya.

“Duhu dai,” in ji Uberlinda ranar da ta ji sunan. “Komai nasu duhu.”

Yadda suke farautar shi ne ya sa ta ajiye ƙwaryar nono ta gyara zama. Sukan ɗauki hoton wani yanki na sama in wata ya mutu, su sake ɗauka kafin mutuwarsa ta gaba, su gwada biyun. Ɗigon da babu shi a na farko, shi ne. Daga nan sai tsere, dole a auna shi da babban madubi kafin ya dushe. Kwanakin babban madubi kuwa tun bara ake rabawa, kowa da nasa. In gajimare ya rufe ranar taka, ka rasa ke nan, ba mai ba ka tasa.

“Ko iska ce?”

“Ko iska, ko raɓa, ko ƙura. Abin da suka fi tsoro ma toka ce. In ta sauka a kan madubin nan sai sun yi kamar su yi hauka. Ana jin ƙaurin hayaƙi ake rufe ƙubba.”

Ta juya ta kalli garke. Sannan ta ce in ƙara shayi.

Shekaru suka wuce, har masu cewa ta haƙura suka yi yawa. Sai wani zuwa da Dakta ya yi, na ga mutum ya canza. Yana dariya, ya nemi ƙarin miya. Sun samo ɗigo mafi nisa da suka taɓa gani, haskensa ya baro gida tun kafin a yi wannan duniyar tamu, kuma an ba shi babban madubi dare uku a jere. Abokan aikinsa na ta bubbuga masa kafaɗa, suna cewa da wannan ɗaya gardama ta ƙare. Al'adarsu ce su sa wa kowane irin wannan tauraro sunan wasa, don lambobin ba sa zama a ka. Na ji an sa sunan kare, na ji na wata mai sayar da kifi a La Serena. Wannan kuwa in na shigo da tire sai su yi tsit, su koma kiran lamba. Ban kawo komai a raina ba.

Na sauko na faɗa mata ranakun. Ko yau aka sake tambayata zan faɗa.

Ana gobe ta kora awakin gaba ɗaya zuwa wurin ɗan ƙaninta a kwari. Ranar kuwa, da la'asar, lokacin da iska ke hawa dutsen daga ɓangarenta, ta haƙa ramuka a cikin takin nan na kaka da kakanni, ta cusa busasshiyar ƙaya, ta juye garwashin murhunta a kowane rami. Wutar taki ba ta harshe, a ciki take ci. Ina yanka albasa na hango wani farin abu mai kauri yana rarrafowa ta saman shingen waya, kafin rana ta faɗi ya naɗe ƙubbobin. Warin kuwa, wanda bai taɓa shaƙar tsohon kashin akuya na ƙonewa ba bai san wari ba.

Ba a buɗe ƙubba ba. Da safe suka aika tankar ruwa, ruwan ya jiƙa sama, ƙasan ya ci gaba da ci, hayaƙin ya ƙara kauri. 'Yan sanda suka zo suka same ta a kan kujera tana saƙa.

“Mama, wa ya sa wutar nan?”

“Oho. Ni dai tokar murhu na zubar, yadda nake zubarwa tun kafin a haife ka. Tsufa ne, ɗana, ido ba ya gani. Ka ga gadon kakana na ƙonewa, maimakon ka yi min jaje?”

Suka sha shayi suka tafi. Dare na biyu ma haka ya wuce. A ɗakin cin abinci ba mai magana, ni kuwa ban taɓa yin girki mai daɗin na ranar ba.

Da safen rana ta uku Dakta ya tsaya a ƙofar ɗakin girki, ido jajur, ya ce, “Doña Fresia, ki raka ni wurinta.” Na cire gyalen aiki na bi shi. Da ƙafa muka sauka, muka wuce ta inda Nibaldo ya faɗi. Ya rage sauri a wurin, ni ban rage ba.

Ta gan mu tun daga nesa, ta ɗora ruwan zafi.

“Maraba da Dakta. Ranka ya daɗe, yau kai ne da hasken rana? Zauna mana. Ka yi haƙuri da hayaƙin, mu talakawa mun saba.”

Bai zauna ba. “Doña Uberlinda, dare ɗaya ya rage min. Roƙonki na zo yi. Ki nuna wa mutanenmu inda wutar take, a tone ta.”

“Ko'ina take.”

“Zan sa a mayar da ɗakin yaron wurinsa. Yau ɗin nan.”

“Au, ashe ana iya mayarwa? Ni na ɗauka doka ce.” Ta zuba ruwa a kofi a hankali. “Wannan abin naka da ke sama, in ya dushe, yana dawowa?”

“Ba ya dawowa.”

“Ko ka jira baɗi?”

“Ko na jira har abada.”

“To ka ji yadda abin yake.”

Na rantse na ji daɗin maganar nan har tafin ƙafata. Shekara da shekaru nake jiran in ga fuskar mutumin nan ta yi abin da ta yi a lokacin. Ya dafa katanga, ya yi tari, ya goge ido da bayan hannu. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

“Ban iya zuwa makoki ba. Ban iya zuwa wurinki ba. Na yi ta jira in samu wanda ya fi duka, in sa masa sunansa. Wannan shi ne. Nibaldo muke kiransa. Da an auna shi, da duk inda ake wannan karatun a duniya an riƙa faɗar sunan.”

Ta dubi kofin da ke hannunta. Ta ajiye shi a kan dutse, ta miƙe. Ba ta kai kafaɗarsa ba.

“Wa ya ba ka?”

“Na'am?”

“Sunan. Wa ya ba ka? Ni na raɗa shi, wannan ta riƙe shi a coci. Ka ɗauke min shi a hanya, aka ɗauke masa ɗaki, yanzu sunan ma ka ɗauka ka kai can inda ba zan iya gani ba, sai kai da madubinka? Kyandir uku na roƙa, Dakta. Ban roƙi tauraro ba.” Ta nuna masa hanya da haɓa. “Da na sani da na ƙara ƙaya. Tafi, kuma ka tafi da rana, hanyar nan ba ta da kyau da duhu.”

Ya tafi. Takin ya yi ta ci har wata ya fito ya cika, sannan ya mutu don kansa, ya bar duwatsun garken baƙi ƙirin, sun farfashe. Ba a sake ganin Dakta a dutsen ba. Wasu suka gama aikin da nasu taurarin, aka ce lallai sama ƙara gudu take, aka yi shagali a ɗakin cin abinci har da giya mai kumfa, ba wanda ya ambaci sunansa a gabana. Don Custodio da kansa ya mayar da shuɗin ɗakin inda yake tun farko, ya ƙera masa 'yar ƙofar kwano don kada haske ya fita. Uberlinda ta ɓalle ƙofar ta yi murfin tukunya da ita, kuma ba wanda ya sake saukowa da hula a hannu.

Ta samu abin da take so, kuma ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba. Amma awakin ba su koma kafaɗar dutse ba, ita ma tafiya kan iyaka ta gagare ta. Wata yamma na raka ta kunna kyandir, muna zaune a bakin kwalta rana na shirin faɗuwa, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ta wane ɓangare yake?”

“Wa?”

“Kin sani.”

Na riga na tambayi masu juya madubin, don na san ranar nan za ta zo. Na nuna mata saman wani tsauni ta gabas. “A irin watan da aka yi abin, ta can yake ɓullowa. Amma ko lokacin ba a ganinsa da ido, 'yar uwa. Yanzu kuwa babu shi.”

“Ba wanda ya auna shi?”

“Ba kowa. Hoton farko kawai, ɗigo.”

“Dare uku yana can da sunan ɗana,” ta ce, “ni kuma ina nan ina hura masa hayaƙi.”

Ta tofar da yawu a kwalta.

“Motar, wataƙila Allah Ya yafe masa. Maganar sunan nan kuwa, ni ce zan tsaya a gaban Allah in ce kada a yafe.”

Daga ranar ta juya kujerarta ta ƙofar gida ta fuskanci wannan tsaunin. Har ta rasu, duk yamma nakan jiyo ta ta kan katanga tana tsine wa Dakta Valdebenito, shi da madubinsa da wanda ya koya masa tuƙi, idonta a kan wurin da babu komai. In na leƙa na ce ta shiga ciki sanyi ya sauko, sai ta ɗaga min hannu.

“Bari tukuna, Fresia. Bai gama duhu ba.”